Na taɓa python3 na tsohuwar sarbar shagonmu, yanzu mizajur (sabunta tsarin) ta ƙi tafiya

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da rana. Dan Allah taimako nake nema kafin Litinin. Akwai wata tsohuwar kwamfuta da muka mayar sarbar a shagon sari da nake wa aiki nan wajen kasuwar Dole, Ubuntu 16.04 ce a kanta tun 2017, wanda ya girka ta ya koma Yamai tuntuni lambarsa ma ba ta shiga. Aiki biyu take yi, akwai shafin PHP da muke duba kayan sito da shi, sai wasu sikirif na Python guda tara masu fitar da faktir da lissafin yamma da ake kai wa Alhaji. Tun da na ji an ce 16.04 ta daina samun gyaran tsaro na kyauta tun Afrilu 2021 hankalina bai kwanta ba, to jiya Juma'a bayan an rufe shago na ɗaga ta zuwa 18.04 kuma ta tafi lafiya lau. Yau da safe na ga python3 ɗinta 3.6 ne, na ce bari in ƙara masa, na bi wani bidiyo na girka 3.8 na yi update-alternatives na mai da python3 ya koma 3.8. Tun daga nan taminal ɗin tebur ya ƙi buɗewa, apt update yana ƙarewa da No module named apt_pkg, shi kuma do-release-upgrade cewa yake Your python3 install is corrupted. Ni dai burina in kai ta 24.04. Ta ina zan fara?

Auta Sabon Gari:
Wa alaikumus salam yaya. Wannan mai sauƙi ne ya taɓa faruwa da ni, ka shiga /usr/lib/python3/dist-packages za ka ga wani fayil mai suna apt_pkg.cpython-36m da sauran dogon suna, ka kwafe shi ka sa masa suna apt_pkg.so shikenan kuskuren zai ɓace

Malam Zengou:
Wa alaikumus salam. Auta, Allah shi yi maka albarka da saurin amsawa, amma kar ya yi haka. Wannan fayil ɗin an haɗa shi ne don 3.6 kaɗai, lambar 36 da ke cikin sunansa ba ado ba ce. In ka sauya masa suna ka tura wa 3.8, ko ya karɓa yau ba ka san ranar da zai tuɓure ba, kuma taminal da sauran kayan da suka lalace suna nan yadda suke.

Ɗan Birni, ka natsu, injinka bai mutu ba. Abin da ya faru shi ne Python tafinta ne, shi ke karanta kod ya faɗa wa inji abin da zai yi. Ita Ubuntu tana da nata tafintan da ta zo da shi, kayan aikinta da yawa da shi suke magana, do-release-upgrade da add-apt-repository da abin da ke buɗe taminal ɗin tebur duk Python ne a ciki. Kai kuma ka kori nata ka zaunar da baƙo a kujerarsa. Ka danna Ctrl da Alt da F3 ka samu baƙin allo, ka shiga da sunanka, sai ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

sudo update-alternatives --remove-all python3
sudo ln -sf /usr/bin/python3.6 /usr/bin/python3
sudo apt install --reinstall python3-minimal

Shi apt kansa ba da Python aka rubuta shi ba, zai yi aiki. Bayan nan python3 --version ya nuna maka 3.6. Kar ka cire 3.8, ba ya cutar da kowa in dai da cikakken sunansa python3.8 kake kiransa.

Ɗan Birni:
Malam Allah shi saka da alheri, Allah shi ƙara basira. Wallahi ya dawo, taminal ya buɗe apt ma ya yi shiru. To yanzu in ci gaba zuwa 20.04 ke nan? Ina da data na saya jiya

Malam Zengou:
Dakata tukuna ɗana. Tambaya ɗaya, kafin ka fara jiya ka ɗauki kwafin diskin ko na bayanan MySQL, wato rumbun da lissafin shagon ke ciki?

Ɗan Birni:
Dosiyen sikirif ɗin kawai na kwafa a kile. Bayanan MySQL ban ɗauka ba gaskiya

Malam Zengou:
To kar ka ƙara taɓa komai sai ka yi wannan. mysqldump na duk bayanan, kwafin /etc gaba ɗaya, kwafin /var/www, sai crontab -l (jerin ayyukan da cron ke gudanarwa da kansa in lokacinsu ya yi) na kowane mai amfani har da root, ka duba /etc/cron.d ma. In da hali ka nemo diski na waje ka ɗauki hoton diskin dukka da Clonezilla. Dalilin da ya sa nake matsa maka, 16.04 da 18.04 duk MySQL 5.7 suke da shi shi ya sa jiya ba ka ji komai ba, amma 20.04 za ta kai ka MySQL 8.0, kuma da zarar 8.0 ya buɗe bayananka ya juya su, babu hanyar komawa 5.7 sai da kwafin da ka ajiye. Bashin da ƴan kasuwa ke bin Alhaji da wanda yake bin su duk suna cikin wannan injin, ba abin wasa ba ne.

Yaya Mai Sarbar:
Salam jama'a, yanzu na ga zancen ina hanya. Ƙanena ni shawarata ma ka bar maganar ɗagawa mataki mataki gaba ɗaya. Lissafa ka gani, daga 18.04 sai 20.04 sai 22.04 sannan 24.04, ba a tsallake ko ɗaya, sau uku ke nan za ka sauke kaya masu nauyi da rezon da muka sani, kuma kowane mataki tafintoci biyu ke sauyawa a ƙarƙashinka. Python 3.6 ya koma 3.8 ya koma 3.10 ya koma 3.12, PHP 7.2 ya koma 7.4 ya koma 8.1 ya koma 8.3. In abu ya karye a ƙarshe ba za ka san a wane mataki ya karye ba. Ga zafin nan da muke ciki kuran na iya ɗaukewa kana tsakiyar aiki, in batirin da ke riƙe injin ya ƙare dpkg na tsaka da rubutu ka shiga wani sabon babi. Ka samo wata kwamfuta ko da laftof ce ta aro, ka girka 24.04 sabuwa fil daga kile, ka dinga ɗauko kayanka ɗaya ɗaya kana gwadawa, tsohuwar kuma tana can tana wa shago aiki.

Ɗan Mirya:
Yaya ban ƙi ta taka ba amma ba kowa ke da inji biyu ba fa. Ni na ɗaga sarbar uku a wurin ba tare da sake girkawa ba kuma suna nan suna aiki. Amfanin ɗagawa a wuri shi ne duk ƴan saituttukan da mutumin farko ya yi waɗanda ba wanda ya rubuta su a ko'ina suna biyo ka, firinta, IP, masu amfani, izinin dosiye. In ka girka sabuwa sai ka yi wata guda kana gano abin da ka manta

Yaya Mai Sarbar:
Ai wannan gano abin da ka manta ɗin shi nake so ya yi. Inji shekara da shekaru ba wanda ya san abin da ke cikinsa, in ya mutu gobe fa? Gara ya gano yanzu da tsohon yana numfashi ya rubuta komai a littafi

Ɗan Mirya:
To na ji. Amma ko wace hanya ya bi PHP sai ya ba shi aiki, bari in faɗa masa inda ƙayar take tunda nan ne ɓangarena. Ɗan Birni ka buɗe shafin siton tun jiya kuwa? Abin da ya fi faruwa bayan an ɗaga shi ne Apache, mai miƙa shafin ga burauza, yana nan yana neman modul na tsohon PHP wanda aka cire, ko dai ya ƙi tashi ko kuma ya dinga nuna kod ɗin tsirara a burauza, kuma wannan na biyun ya fi haɗari don kalmar sirrin MySQL tana iya fitowa kowa ya gani. Maganinsa a2dismod php7.0 sai a2enmod php7.2 sai ka sake tayar da apache2. Na biyu php.ini, kowace siga da nata dosiye a /etc/php, saitin da aka yi a 7.0 ba ya bin ka zuwa 7.2 da kansa, ka duba date.timezone ya zama Africa/Niamey in ba haka ba awannin da ke kan takardunku za su zame, ka duba upload_max_filesize ma. Na uku mcrypt an fitar da shi daga PHP tun 7.2, in shafinku da shi yake ɓoye wani abu to ya riga ya tsaya ba ka lura ba. Babban tsalle kuwa shi ne 8.0, can aka cire each() da create_function(), count() a kan abin da ba jeri ba ya daina gargaɗi ya koma kashe shafi, kuma kwatanta rubutu da sifili da == ya sauya ma'ana, a da "abc" == 0 gaskiya ne yanzu ƙarya ne. Ka yi grep ka nemo waɗannan tun yanzu. php -l yana kama kuskuren rubutu kawai ba ya kama waɗannan duka.

Ɗan Birni:
Na duba yanzu, shafin yana buɗewa daidai, a2query -m ya nuna php7.2 ne ke aiki. timezone ɗin ne babu a sabon php.ini na saka. each( kuma na same shi wuri huɗu

Hajiya Garin Malam:
Sannunku da ƙoƙari. Duk kun yi maganar inji ba wanda ya tambayi sikirif taran nan da wane Python aka rubuta su. Ɗan Birni buɗe ɗaya ka faɗa mana layin farko, kuma print ɗin ciki da baka biyu yake ko babu?

Ɗan Birni:
Hajiya layin farko #!/usr/bin/python ne, print kuma babu baka, kamar print "Jimla", jimla haka. Akwai import MySQLdb da urllib2 a sama

Hajiya Garin Malam:
To ka ga inda aikin yake. Wannan Python 2 ne, ba ruwansa da 3.6 ko 3.8 da ka sha wahala a kansu yau, ko ka kai python3 sama ko ka bar shi sikirif ɗinka ba su san yana yi ba. Python 2 an rufe littafinsa ranar 1 ga Janairu 2020, na ƙarshe shi ne 2.7.18 da ya fito a Afrilun shekarar. A 20.04 da 22.04 ana iya samun python2 a ma'ajiyar universe amma babu python-mysqldb, wato tun a 20.04 faktir ɗinku za ta iya tsayawa. A 24.04 kuwa babu shi sam, Debian ma ta fitar da shi tun 12. Saboda haka tambayarka ta gaskiya ba yaya zan kai 24.04 ba ce, yaya zan mai da sikirif tara su koma Python 3 ba tare da lissafin Alhaji ya sauya ba ita ce.

Kuma ina so ka ji wannan da kyau don ni ya taɓa cizona. Kuskuren da ke ihu ba shi ne abin tsoro ba. print ba baka zai tsaya nan take ya nuna maka layin, urllib2 zai ce babu shi ka koma urllib.request, raw_input da has_key haka, waɗannan duk kwana ɗaya ka gama da su. Wanda ke shiru shi ne rabawa. A Python 2 in ka raba 50 da 12 amsa 4 ce, a Python 3 amsa 4.1666 da ɗoriya ce, ba gargaɗi ba komai. Na taɓa mayar wa wata lekol sikirif na lissafin kuɗin wata, komai ya tafi, sai da iyaye suka fara zuwa da takardu masu ɗigo da dogayen lambobi muka farga, kwana uku ina bin layi layi. Ku da kuke sari kuna raba guda guda zuwa katan, na tabbata akwai irin wannan a kod ɗinku. Inda ake nufin cikakken katan dole / ya koma //.

Na biyu round. Python 2 in ya samu rabi cif yana hawa sama, round(2.5) ya ba ka 3. Python 3 yana zuwa lamba mai rabuwa biyu mafi kusa, round(2.5) ya ba ka 2, round(3.5) ya ba ka 4. Mu da muke daidaita kuɗi zuwa dala, ɗauki 62.5 ka raba da 5 ka samu 12.5, tsohon zai ce 65 sabon zai ce 60. Dala ɗaya ce, amma a faktir ɗari nawa a wata? Kuma ranar da abokin ciniki ya kawo tsohuwar takarda ya ga ta saɓa da sabuwa, kai za a kira.

Auta Sabon Gari:
Hajiya ba akwai 2to3 ba? Ni na ɗauka shi ke yin komai da kansa

Hajiya Garin Malam:
Akwai shi Auta kuma yana rage aiki sosai, zai gyara print da sunayen modul da except na tsohon salo. Amma ba ya taɓa rabawa don bai san ko katan kake nufi ko kilo ba, wannan sai mutum. Kuma a sani an cire shi daga Python 3.13, a 24.04 mai 3.12 dai yana nan. Dabarar da na fi so, tun a tsohon injin a gudanar da sikirif da python2 -3, zai dinga nuna wuraren da za su ba da matsala. Sai a sa from __future__ import division, print_function a saman fayil a gyara har sakamako ya dawo daidai da na da, kod ɗin na nan a Python 2 amma ya riga ya koyi halin 3.

Ɗan Birni:
Innalillahi, Hajiya kin gani kamar kina wurin. katan = adadi / cikin_katan yana nan a sikirif uku, round kuma a na faktir. Da na bi ta kaina zuwa 24.04 ranar Litinin da kunya zan kwasa gaban Alhaji

Mai Rezo Magariya:
Ni fa ina ganin kuna wahalar da yaron nan. A sa Docker, mai killace kod da kayan aikinsa a cikin kwantena, a sabon inji a jawo hoton python:2.7 a zuba sikirif ɗin ciki su ci gaba da aikinsu yadda suka saba, ba a taɓa layi ko ɗaya ba. Abin da ke aiki me ya sa za a tone shi? A bar kaza cikin gashinta

Malam Zengou:
Mai Rezo, maganarka tana da wuri, kuma in da Litinin ce ta matse shi babu tsohon inji, ni ma abin da zan ce ya yi ke nan. Amma a kira shi da sunansa, gada ce ba gida ba. Hoton nan ba a sabunta shi, abin da ke ciki na tsaro ya tsaya inda ya tsaya, kuma sikirif ɗinsa na fita intanet tunda ga urllib2. Sannan tsohon MySQLdb sai ya yi magana da MySQL 8.0 wanda ya sauya hanyar tantance kalmar sirri zuwa caching_sha2_password, nan ma wani gyaran ne. Ga firinta da za a ratsa da ita cikin kwantena. Wahalar da zai sha wajen haɗa wannan ta kusa kai ta gyara sikirif tara, kuma bayan ya gama bashin na nan bai biya ba. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. In sikirif ɗari biyu ne zan goyi bayanka, tara kuwa a gyara su.

Mai Rezo Magariya:
Malam na yarda da batun tara. Amma ku ma ku yarda akwai wuraren da ba wanda zai biya kuɗin gyaran kod, maigida in ya ga allo na haske shikenan a wurinsa komai lafiya. Ni na ga injin CentOS 7 da har yanzu ke aiki bayan an daina tallafa masa ƙarshen Yuni 2024, shi yum ɗinsa ma a kan Python 2.7 yake, wani ya je ya sauya /usr/bin/python ya kashe yum ɗin gaba ɗaya, irin ta Ɗan Birni sak. A irin wannan wurin kwantena ce kaɗai ta fitar da mu

Yaya Mai Sarbar:
Duk wannan na komawa wuri ɗaya, tafintan gida daban na aikinka daban. Ƙanena in ka girka 24.04 kar ka zuba wa python3 na tsarin komai da sudo pip (pip shi ke girka modul na Python), ita ma ba za ta bar ka ba, za ta ce externally-managed-environment. Ka girka python3-venv ka yi python3 -m venv /opt/shago/venv, wato keɓaɓɓen wurin Python na aikinka kaɗai, ka zuba mysqlclient ko PyMySQL a ciki, a cron kuma ka rubuta cikakkiyar hanya /opt/shago/venv/bin/python kar ka dogara da kalmar python kawai don cron bai san PATH ɗinka ba

Auta Sabon Gari:
Yaya ai ana ƙara --break-system-packages ya wuce, ni haka nake yi a laftof ɗina

Yaya Mai Sarbar:
Auta karanta sunan abin da kake rubutawa mana, da bakinsa ya faɗa maka zai fasa kayan tsarin. A laftof ɗinka na karatu in ya fashe ka sake girkawa, a injin da ke riƙe da dukiyar mutane ba a yin haka. Wani abu kuma da mutane ba su sani ba, shi venv ɗin ma ba ya tsallake mizajur. Kayan cikinsa suna zaune a dosiye mai lambar siga kamar lib/python3.12, ranar da tsarin ya koma wata lamba sai ka ga No module named a kan abin da ka san ka girka. Saboda haka pip freeze ka ajiye a requirements.txt tare da kod ɗin, bayan kowace ɗagawa ka goge venv ka sake gina shi, minti biyar ne in ka shirya. In kuma wata rana kana buƙatar wata siga daban da ta tsarin, pyenv na nan, ko in za ka haɗa da hannu make altinstall ba make install ba, don kar ya zauna a sunan python3

Malam Zengou:
A ƙara da cewa ko tsakanin 3 da 3 akwai ramuka. 3.10 ya cire collections.Mapping da ƴan uwansa sai ta collections.abc, 3.12 ya cire distutils da imp. Tsofaffin modul da aka daina kula da su a nan suke faɗuwa, in ka ga pip ya kawo kuka a kan distutils ka san dalili.

Hajiya Garin Malam:
Saura ɗaya da ya shafe mu mu nan musamman, haruffa. Sunayen abokan cinikinku akwai masu é na Faransanci akwai masu ƙ da ɗ. Python 2 bai damu ba, yana ɗaukar komai a matsayin bayit ya wuce da shi. Python 3 ya raba rubutu da bayit, in ka buɗe tsohon CSV da aka fitar daga Excel zai ce utf-8 codec can't decode byte 0xe9, wannan 0xe9 ɗin é ce a cp1252. Kar ka sa errors="ignore" don ya yi shiru, sunayen mutane za ka guntule. Ka faɗa wa open() encoding na gaskiya, ka juya tsofaffin fayil zuwa utf-8 sau ɗaya. Ka duba teburan MySQL ma, in latin1 ne to ƙ da ɗ ba su da mazauni a ciki, utf8mb4 ake so

Ɗan Birni:
Jama'a na gode ƙwarai Allah shi bar zumunci. Na yi mysqldump na kwafa wuri biyu. Na yi wa Alhaji bayani bayan la'asar, ya ce in ɗauki laftof ɗin biro in gwada a kai, in ya tabbata zai sayi sabon diski. Tsohon injin na bar shi a 18.04 yadda yake, na san ita ma tallafinta na kyauta ya ƙare tun 2023 shi ya sa na rufe duk wata ƙofa daga waje, cikin shago kawai ake ganinsa

Ɗan Mirya:
Madalla. In ka zuba bayanan a MySQL 8.0 ka lura ko akwai ginshiƙi (column) a tebur mai suna rank ko groups, sun zama keɓaɓɓun kalmomi a 8.0, tambayar da ke aiki a 5.7 sai ta ƙi

Ɗan Birni:
Salam, na dawo da labari yau Alhamis. 24.04 na kan laftof, venv na /opt/shago yadda yaya ya ce. Kwana uku ke nan kullum da yamma ina fitar da lissafi a tsohon inji da sabon in jera su da diff mai nuna bambancin fayil biyu. Ranar farko bambanci ya fito a faktir goma sha ɗaya duk na round ne, na koma Decimal da ROUND_HALF_UP suka daidaita. Jiya da yau ba bambanci ko na dala. Shafin PHP ma ya tashi a 8.3 bayan na mai da each zuwa foreach, sai wani count() guda da ya kashe shafin rahoto na gyara. Takwas cikin tara sun wuce. Na taran shi ne mai buga resi a ƙaramar firintar da ke kan kantar shago, yana buɗe /dev/usb/lp0 yana rubutu kai tsaye, yanzu ko dai ya ce Permission denied, in na gwada da sudo kuma ya fito da wasu alamomi a wurin é kuma takardar ba ta yankewa

Malam Zengou:
Sannu da aiki ɗana, ka yi abin da ya kamata. Na farkon izini ne, sudo usermod -aG lp da sunan mai gudanar da sikirif ɗin, ka fita ka sake shiga, ka daina gwadawa da sudo. Na biyun maganar Hajiya ce ta dawo. Firintar bayit take ci ba rubutu ba, ka buɗe ta da "wb", umarnin yanka da sauran na ESC/POS (yaren firintar resi) ka sa musu b a gaba su zama bayit, rubutun kuma ka yi masa encode da teburin haruffan da firintar ke kai, yawancinsu cp437 ko cp850 ko cp858 ne, ka riƙe maɓallin fitar da takarda lokacin kunna ta za ta buga maka saitinta ka gani. é za ta fito daidai. ƙ da ɗ da ɓ kuwa babu su a waɗannan teburan, ka mai da su k da d da b a kan resi kawai kafin encode, a cikin MySQL ka bar su da ƙugiyarsu.

Hajiya Garin Malam:
Kuma kar ka kashe tsohon injin sai kun wuce ƙarshen wata, akwai lissafin da sai ranar 30 ko 31 yake gudana, diff na kwana uku bai taɓa shi ba. Ka duba crontab ɗin da ka kwafa ka ga ko akwai layin wata-wata

Ɗan Birni:
Akwai kuwa Hajiya, guda ɗaya ranar 1 ga wata ƙarfe shida na safe, kuma ba ya cikin taran da na ƙirga, yana can /root/tsoho/wata.py ban taɓa ganinsa ba. Bari in buɗe shi in gani, firintar kuma sai gobe in an buɗe shago zan gwada